Debian: Shekara Talatin Ana Gardama a Kan Ladan Aiki

Ranar 16 ga Agusta, 1993, wani ɗalibi ɗan shekara 20 a Jami'ar Purdue da ke jihar Indiana ta Amurka, mai suna Ian Murdock, ya ba da sanarwar cewa yana harhaɗa sabon tsarin tafiyar da kwamfuta. Ya raɗa masa Debian, daga sunansa da na budurwarsa Debra wadda ya aura daga baya. Yau wannan tsari ne ke ƙarƙashin Ubuntu da Kali Linux da manhajar ƙananan kwamfutocin Raspberry Pi, kuma a kansa manyan na'urorin Wikipedia suke gudana, har da waɗanda ke kawo mana shafukanta na Hausa. Babu kamfanin da ya mallake shi. Mutum kusan 1,000 ne masu ƙuri'a a cikinsa, suna warwatse a duniya, kuma ƙungiyar ba ta biyan ko ɗaya daga cikinsu albashi. Yadda aka yi aka kai nan, da abin da wannan tsayuwa ta jawo, shi ne abin da za mu bi daki-daki.

Sai an koma baya da shekara goma kafin a gane abin da Murdock ya gada. A watan Satumba na 1983 Richard Stallman, wani gwanin rubuta manhaja a cibiyar MIT, ya shelanta aikin GNU: zai gina cikakken tsari wanda kowa ke da damar karanta asalin rubutunsa, ya gyara, ya raba wa wanda ya so. Labarin da ake yawan bayarwa, wanda shi kansa yake maimaitawa a laccocinsa, shi ne wata na'urar buga takarda ce ta kamfanin Xerox ta tunzura shi. Wai takarda na yawan maƙalewa a cikinta, ya nemi rubutun manhajarta don ya gyara, aka ce an yi alkawarin ba za a nuna wa kowa ba. Wannan ruwayarsa ce, kuma ta sha gyaran baki a wajen masu ba da ita. Abin da ke rubuce shi ne ya kafa gidauniyar Free Software Foundation a 1985, ya fitar da lasisin GPL a 1989. Sharaɗin lasisin ɗaya ne mai nauyi: ka ɗauka, ka gyara, ka sayar ma in ka ga dama, amma duk wanda ka ba wa dole ka ba shi damar da kai ka samu. A lura, Stallman bai taɓa haramta kuɗi ba. Gidauniyarsa da kanta ta riƙa sayar da kaset-kaset na manhaja da littattafai tana biyan ma'aikata.

A 1991 wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar tsarin da GNU ta rasa, wato Linux, ya sa ta ƙarƙashin GPL a 1992. Sai dai zuciya da kayan aiki a warwatse ba su isa mutum ya kunna kwamfuta ya yi aiki ba. Dole wani ya tattara su, ya daidaita su, ya zuba a faifai. Tarin da ya fi shahara a lokacin, SLS, cike yake da kurakurai, kuma gyaransa na hannun mutum ɗaya. Takaicin wannan ne ya tayar da Murdock. Sabon abin da ya kawo ba fasaha ba ce, tsarin aiki ne: a raba tarin zuwa ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi a damƙa shi ga ɗan sa kai guda da zai kula da shi, a yi komai a bainar jama'a.

Masu cewa Debian ba ta taɓa cin kuɗin kowa ba sun manta farkonta. Daga Nuwamba 1994 zuwa Nuwamba 1995 gidauniyar Stallman ce ta ɗauki nauyin aikin. Da shekarar ta cika aka rabu, Debian ta ci gaba da kanta. Kuma tun ba a je ko'ina ba ta ɗanɗani halin kasuwa: a ƙarshen 1995 wani kamfanin buga faifai, InfoMagic, ya kwashi aikin da ba a gama ba ya buga masa lamba 1.0 ya kai kasuwa. Don kada a rikita mutane, Debian ta tsallake wannan lamba gaba ɗaya. Fitowarta ta farko a hukumance ita ce 1.1, a watan Yuni na 1996, da ƙunshi 474.

A lokacin Murdock ya riga ya sauka, ragama na hannun Bruce Perens, ma'aikacin kamfanin fina-finan zane na Pixar. Shi ya sa har gobe kowace fitowa ke ɗaukar sunan wani ɗan wasa daga fim ɗin Toy Story: Buzz, Woody, Sarge, Etch. Zamanin Perens gajere ne, bai kai shekara biyu ba, amma a cikinsa aka kafa ginshiƙai biyu. Na farko shi ne Yarjejeniyar Debian da Jama'a, wadda aka amince da ita ranar 5 ga Yuli, 1997. A cikinta aka yi alkawarin tsarin zai zauna a buɗe ɗari bisa ɗari, ba za a ɓoye matsala ba, kuma masu amfani da shi ne a gaba da komai. Ana cewa tunanin ya samo asali ne daga wata hira da wani ɗan Debian, Ean Schuessler, ya yi da Bob Young na kamfanin Red Hat, inda ya nemi kamfanin ya rubuta wa jama'a irin wannan alkawari, Young ya nuna masa cewa ɗan kasuwa ba ya ɗaure kansa haka. Ko hirar ta gudana yadda ake faɗa ko an ƙara mata gishiri, takardar dai ta fito, kuma daga ƙa'idojin da ke maƙale da ita aka ciro ma'anar buɗaɗɗiyar manhaja da duniya ke aiki da ita tun 1998.

Ginshiƙi na biyu shi ne inda za a ajiye kuɗi. Debian ba ta da rajista a kowace ƙasa, ba ta iya buɗe asusun banki. Don haka a watan Yuni na 1997 aka yi wa wata ƙungiya mai suna Software in the Public Interest rajista a New York, ta riƙa karɓar gudummawa da riƙe sunan Debian amana. Kuɗin na sayen na'urori ne, da kuɗin jirgi zuwa taro, da makamantansu. Ba a rubuta a ko'ina cewa haramun ne a biya mutum ladan aiki ba. Al'ada ce kawai ta zaunu, kuma za mu ga cewa ta fi doka ƙarfi.

Perens mutum ne mai zafin hannu, ya sha karo da jama'arsa, ya sauka a ƙarshen 1997. Wanda ya gaje shi, Ian Jackson ɗan Ingila, ya ga cewa ɗaruruwan mutane ba za su ci gaba da rayuwa a kan ra'ayin shugaba ɗaya ba. Ya jagoranci rubuta kundin tsarin mulki, aka amince da shi a Disamba 1998. Kundin ya tanadi shugaba da ake zaɓa duk shekara, da sakatare mai kula da zaɓe, da kwamitin fasaha mai raba gardama, da ƙuri'ar gama-gari wadda ke iya soke hukuncin kowa. Mai zaɓe ba ya dangwala wa abu ɗaya. Jera zaɓuɓɓukan yake yi daga wanda ya fi so zuwa wanda ya fi ƙi, ya sa hannu da mabuɗinsa na sirri, ya aika ta imel. Shi kuwa wannan mabuɗi, a al'adar da aka daɗe a kai, sai ka haɗu da wani ɗan ƙungiya ido da ido, ya karɓi fasfonka ya dubi hoton ya dubi fuskarka, sannan ya shaida cewa kai ne. Amma saɗarar da ta fi kowace tasiri tana can kusa da farkon kundin, inda aka bayyana cewa babu wanda za a tilasta wa yin wani aiki. Wanda bai so ba, ya bari, iyaka kada ya tare wa wasu hanya. Shugaban Debian, ke nan, ba ya iya korar kowa daga aiki don ya yi jinkiri, ba ya iya ba kowa umarni. Roƙo ne makaminsa.

Tsarin ya yi kama da gayya, inda ladan kowa shi ne a ga gonar ta nomu kuma a san ya zo. Gayya kuwa tana tafiya ne muddin kowa ya yarda cewa na kusa da shi ma ba a biya shi ba.

Shekarun haukar hannun jarin intanet sun zo sun wuce ba su taɓa wannan tsari sosai ba. Red Hat ta shiga kasuwar hannun jari a Agusta 1999 ta yi kuɗi na ban mamaki. Kamfanoni irin su Corel suka gina kayansu a kan Debian, Murdock da kansa ya kafa Progeny don ya ci abinci da abin da ya shuka. Yawancinsu ba su yi nisan kwana ba.

Matsalar da ta fito fili ta jinkiri ce. Woody ta fita a Yuli 2002, aka zauna jiran Sarge shekara kusan uku. Wani ɓangare na jinkirin siyasa ce tsantsa. A Afrilu 2004 aka yi ƙuri'ar gyara wasu kalmomi a Yarjejeniyar, gyaran da aka gabatar a matsayin na rubutu kawai. Da aka gama sai mai kula da fitarwa na lokacin, Anthony Towns ɗan Ostireliya, ya ce bisa sabon lafazin akwai takardun bayani da ƙananan manhajojin na'ura da dole a cire, kuma hakan zai tura Sarge gaba da nisa. Sai da aka sake wata ƙuri'ar aka jingine gyaran. Sarge ba ta fito ba sai 6 ga Yuni, 2005.

Ana cikin wannan jira Mark Shuttleworth ya shigo. Ɗan Afirka ta Kudu ne, tsohon ɗan Debian, wanda ya sayar da kamfaninsa Thawte ga VeriSign a 1999 kan kimanin dala miliyan 575, ya kuma biya kuɗi ya je sararin samaniya a 2002. Ana ba da labarin cewa a farkon 2004 ya kwashi tarin wasiƙun muhawarar 'yan Debian na wata shida ya shiga jirgin ruwa zuwa Antatika, yana karantawa yana fitar da sunayen waɗanda zai ɗauka aiki. Ko a jirgi aka yi zaɓen ko a ofis, sakamakon a bayyane yake: ya kafa Canonical, ya ɗauki wasu daga cikin gwanayen Debian da albashi, ya fitar da Ubuntu ranar 20 ga Oktoba, 2004, da alkawarin sabuwa duk wata shida. Har faifai yake aikawa kyauta ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya, kuma da dama daga cikin matasanmu da suka fara taɓa Linux a wancan zamani ta wannan faifai suka san shi. Ga 'yan Debian abin ya zo da ɗaci biyu. Ga wani ya ɗebi guminsu ya yi suna da shi, ga kuma abokan aikinsu na jiya yau ana biyan su a kan aikin da su suke yi da daddare bayan sun taso daga wurin neman abinci. Lasisi ya halatta, babu mai cewa an yi sata. Zuciya ce ba ta karanta lasisi.

A Afrilu 2006 aka zaɓi Anthony Towns shugaba, kuma burinsa a fitar da Etch ranar 4 ga Disamba na shekarar, a wanke sunan Debian daga zargin nawa. Ya lura cewa wuyan kwalbar mutum biyu ne, masu kula da fitarwa, Steve Langasek a Amurka da Andreas Barth a Jamus. Su ke bin kurakuran da ke hana fita ɗaya bayan ɗaya, su ke yanke wane ƙunshi zai shiga wane zai jira, kuma duk a lokacin da suka samu rara suke yi. Towns ya kawo shawarar a biya kowannensu ya zauna wata guda cur ba ya komai sai wannan. Da ya ga ba za a yarda a taɓa asusun Debian ba, sai shi da wasu suka kafa wata ƙungiya a gefe a watan Satumba, suka kira ta Dunc-Tank, don ta tara gudummawa ta biya kowane ɗaya dala 6,000.

Dala 12,000 ke nan gaba ɗaya, abin da bai kai albashin wata biyu na babban injiniya a Amurka ba. Amma wutar da ta tashi a kansa ba a taɓa ganin irinta a Debian ba. Masu adawa suka ce ƙungiyar da shugaban Debian ke zaune a cikinta ba za a kira ta ta waje ba, wannan wayo ne na kauce wa ƙuri'a. Suka ce an raba jama'a gida biyu, 'yan mowa da 'yan bora. Tambayar da ta fi cizo ita ce: wa ya ce aikin mai fitarwa ya fi na mai fassara, ko na wanda ke tsaron na'urorin ƙungiya, ko na wanda ke tashi tsakar dare ya toshe ɓarakar tsaro? In kuɗi ne zai nuna aikin da ke da daraja, to wanda ke riƙe da jakar ya zama sarki ba tare da an zaɓe shi ba. Magoya baya suka amsa cewa ai tuntuni akwai masu cin albashin HP da Canonical da jami'o'i suna aikin Debian a lokacin ofis, ba wanda ya ce uffan. Me ya sa sai da aka zo biyan mutum biyu a fili, da sanin kowa, abin ya zama abin kunya?

Aka kai ga neman tsige Towns. A watan Oktoba aka kaɗa ƙuri'a, ya tsira da gagarumin rinjaye. Sai dai a ƙungiyar da ba a tilasta wa kowa aiki, wanda ya faɗi zaɓe yana da wani makamin, wato ya naɗe hannu. Wasu 'yan ƙungiya suka fitar da takardar matsaya suka sa hannu, suna cewa gwajin ya kashe musu gwiwa. Mai rubuta jaridar mako-mako ta Debian, Joey Schulze, ya ja baya, jaridar ta daina fita yadda ta saba. Wasu kuma suka kafa tasu ƙungiyar ta shaguɓe mai suna Dunc-Bank, aikinta tono kurakuran da za su hana Etch fita, suna cewa ai inganci suke nema. A Disamba Barth da kansa ya rubuta cewa wasu da aka sani da aiki tuƙuru sun rage hannu ƙwarai. Ranar 4 ga wata ta zo ta wuce. Etch ba ta fita ba sai 8 ga Afrilu, 2007.

Har yau ana jayayya a kan ko Dunc-Tank ce ta jawo jinkirin. Masu kare ta na cewa akwai matsalolin zuciyar tsarin da na manhajar girkawa waɗanda da ma za su ci lokaci, kuma wata huɗu ba komai ba ne in aka tuna Sarge. Masu suka na cewa an biya kuɗi don a cika alkawarin rana, ba a cika ba, magana ta ƙare. A ganina duka biyun sun kauce wa abin da ya fi muhimmanci. Towns ya sake tsayawa a 2007 bai ci ba, aka zaɓi Sam Hocevar, ɗaya daga cikin masu sukar gwajin, kuma darasin da ƙungiyar ta haddace shi ne kada shugaba ya ƙara kusantar maganar biyan mutane. Ba a zauna an tsara yadda za a yi shi da adalci ba. An rufe ƙofar ne kawai, aka bar tambayar a waje tana jira.

A daidai watan da ake wannan rigima, Satumba 2006, wani abu ya shige ba wanda ya lura. Mai kula da ƙunshin OpenSSL, manhajar da ke ƙera mabuɗan sirri, ya ga wata manhajar binciken kurakurai tana ƙorafi a kan wasu layuka biyu. Ya tambayi masu asalin manhajar, bai samu wanda ya hana shi da ƙarfi ba, ya kashe layukan. Ashe ɗaya daga cikinsu ne ke zuba yawancin rudanin da ke sa mabuɗi ya gagari mai hasashe. Daga ranar, kowane irin mabuɗi da aka ƙera da wannan gyararriyar OpenSSL a Debian ko Ubuntu ɗaya ne daga cikin kusan 32,000 kacal, abin da ɓarawo zai gwada duka kafin shayinsa ya huce. Sai a Mayu 2008 wani ɗan Debian daga Ajantina, Luciano Bello, ya gano. Ba mugunta ba ce, ba kuma jahilci ba. Aiki ne da rayukan bankuna ke rataye a kansa, an bar shi ga mutanen da ba su da mai duba musu. Su ma masu OpenSSL ɗin haka suke: lokacin da ɓarakar Heartbleed ta fashe a Afrilu 2014, mai kula da kuɗinsu, Steve Marquess, ya bayyana cewa gudummawar da suke samu a shekara ba ta wuce kimanin dala 2,000 ba. Kunya ce ta sa manyan kamfanoni suka yi karo-karo a ƙarƙashin Linux Foundation a watan.

Shekarar 2014 ita ce ta gwada kundin Jackson har ƙashi. Maganar a kan manhajar da ke fara tashi in an kunna kwamfuta ce, wadda ke tayar da sauran. Tsohuwar ta tsufa, magada biyu suka fito: systemd, wadda ma'aikatan Red Hat suka rubuta, da Upstart ta Canonical. Ga ƙungiyar 'yan sa kai an sa ta zaɓi tsakanin kayan kamfanoni biyu masu gasa. Aka miƙa wa kwamitin fasaha mai mutum 8, kuma biyu daga cikinsu, Steve Langasek da Colin Watson, ma'aikatan Canonical ne. Ba wanda ya kawo hujjar cewa albashi ne ya juya musu ra'ayi, dalilansu na fasaha a rubuce suke, amma zargin ya yi ta yawo, kuma kowa ya ci ladan kuturu an san abin da ake jira ya yi. A watan Fabrairu ƙuri'a ta tsaya 4 da 4. Langasek da Barth, mutanen Dunc-Tank, suna ɓangaren Upstart tare da Watson da Ian Jackson. Shugaban kwamitin, Bdale Garbee, ya raba gardama da ƙuri'arsa, ya ba systemd. Cikin 'yan kwanaki Shuttleworth ya ce Ubuntu ma za ta bi.

Kamfanin da aka kayar ya haƙura cikin mako guda, 'yan sa kai kuwa suka shekara suna yi. Jackson ya kai maganar ƙuri'ar gama-gari, a Nuwamba jama'a suka ce ba a bukatar wani sabon hukunci. Kafin ƙura ta lafa mutum uku sun bar kwamitin fasaha, Watson da Russ Allbery da Jackson kansa. Joey Hess, wanda ya yi shekara 18 a ƙungiyar kuma hannunsa ke cikin manhajar girkawa, ya fice gaba ɗaya, yana ɗora laifin a kan kundin tsarin mulkin da ya ce ya riƙa jan Debian zuwa inda bai dace ba. Wasu suka ɓalle suka kafa Devuan. Abin da aka tsira da shi na gyara shi ne ƙayyade wa'adin 'yan kwamitin a farkon 2015. A ƙarshen wannan shekara, ranar 28 ga Disamba, Ian Murdock ya rasu a San Francisco yana da shekara 42.

Abin mamaki, a cikin wannan hayaniya ta 2014 ne kuɗi ya shigo ba wanda ya ɗaga murya. Kamfanonin da ke amfani da Debian sun daɗe suna kukan cewa gyaran tsaro na ƙarewa shekara guda bayan sabuwar fitowa, su kuwa ba sa son taɓa na'urar da ke aiki lafiya. Kula da tsohon kaya aiki ne mai gundura, ɗan sa kai ba ya marmarinsa. Sai aka buɗe shirin tallafi na dogon zango, aka ja rayuwar kowace fitowa zuwa shekara 5. Wani ɗan Debian Bafaranshe, Raphaël Hertzog, ya sa kamfaninsa Freexian a tsakiya: kamfanoni su biya shi, shi kuma ya biya 'yan Debian da awa, a buga rahoton wanda ya yi me duk wata. Wannan fa shi ne abin da aka nemi tsige Towns a kansa, har ya fi shi girma da daɗewa. Bambancin kawai ba shugaba a ciki, kuma aikin da ake biya ba wanda wani ke kishi ba ne. Tsarin ya yi aiki, ya kuma amfani jama'a. Amma ƙunshin da masu biya ke amfani da shi ne ake fara dubawa, kuma ba a taɓa kaɗa ƙuri'a a kan wannan jeri ba.

A Maris 2019 lokacin tsayawa takarar shugabanci ya ƙare babu ko mutum ɗaya da ya fito, sai da aka ƙara mako. Kujera ce mai cin lokaci kamar cikakken aiki, ba albashi, ba iko, sai zagi. Wanda zai iya riƙe ta sai mai hali ko wanda maigidansa ya ɗaga masa ƙafa, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna su wa ke iya mulki a ƙungiyar da ke alfahari da cewa ta kowa ce. Jonathan Carter na Afirka ta Kudu, wanda ya yi shugabanci daga 2020 zuwa 2024, ya sha faɗin cewa matsalar Debian ba rashin kuɗi ba ce. Akwai ɗaruruwan dubban daloli a ajiye, hannayen aiki ne suka yi kaɗan.

Sai ranar 29 ga Maris, 2024. Andres Freund, injiniya a Microsoft mai aiki a kan manhajar PostgreSQL, yana gwaji a kan reshen Debian da ba a gama daidaitawa ba, ya lura shiga na'urarsa daga nesa na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Ya bi sawu har ya iske ƙofar sirri da aka dasa a cikin xz, wata 'yar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace na'urar Linux. Mai ita, Lasse Collin, shi kaɗai ya yi shekaru yana ɗauke da ita. A 2022 wasu sunaye da ba a san su ba suka dame shi da ƙorafin yana jinkiri, ya amsa cewa rashin lafiya ya rage masa ƙarfi kuma aikin nan ba biyan sa ake yi ba. Suka matsa ya ba wani dama. Wanin shi ne mai kiran kansa Jia Tan, wanda ya yi shekara biyu yana taimako cikin ladabi har aka miƙa masa mabuɗi. Ana cewa wata hukumar leƙen asiri ce a bayansa, amma wannan hasashe ne, ba a tabbatar da ko wane ne ba. Abin da aka tabbatar shi ne gubar ta shiga rassan gwaji na Debian da na wani tsarin Linux mai suna Fedora, ba ta kai ga tsayayyar fitowar da bankuna da gwamnatoci ke amfani da ita ba. Wanda ya shirya wannan ya fahimci abin da kamfanoni suka ƙi fahimta, cewa mutumin da ya gaji kuma ba a biyan sa zai karɓi taimako daga duk hannun da aka miƙo.

Debian 13, mai suna Trixie, ta fita ranar 9 ga Agusta, 2025, da ƙunshi sama da 60,000, a ƙarƙashin shugabancin Andreas Tille na Jamus. Kusan duk shekara biyu ake fitarwa yanzu, ba tare da an biya masu fitarwa daga asusun ƙungiya ba, kuma masu adawa da Towns na iya nuna wannan su ce sun yi gaskiya. Ni dai ban ga sun kori kuɗi daga Debian ba. Abin da suka yi a 2006 shi ne hana ƙuri'arsu iko a kansa. Ana biyan mutane da yawa a kan aikin Debian a yau, kuma masu yanke wa za a biya da aikin da za a biya su ne Canonical da Freexian da sauran kamfanonin da ke da bukata, waɗanda ba ɗaya daga cikinsu da kundin 1998 ya ambata.